FILIN MATA: Aidin, Wane Iri Ya Kamata, Kuma Nawa Ya Isa?

 

Zancenmu na wannan mako a kan aidin ne. Abin da ya kawo shi kuwa, tambayoyi ne da su ke ta zuwa wannan fili daga wajen Karofi da Dutsin-Ma da Kurfi, game da kwalaben ƙwayoyin nan na ƙarin lafiya da suka cika kantunan magani, har ana tallarsu cikin wayar hannu. Waɗansu an rubuta a jikinsu cewa akwai aidin, ana kuma yi musu kirari, wai suna narkar da maƙoƙo, suna ƙara wa yaro basira, suna gyara jikin mai ciki. Wata ta ce tana da ciki wata uku, ta sayi kwalba ɗaya, amma tana tsoron sha. Wata ta ce surukarta ce ke da maƙoƙo shekara da shekaru, ko ta saya mata? Wata kuma cewa ta yi, ai akwai aidin na miki a gidansu, me zai hana a ɗiga a ruwa a sha, a huta da kashe kuɗi?

Bari in ba da amsa a taƙaice tukuna, sa'an nan in kawo dalilai. Jikin ɗan Adam yana bukatar aidin, amma ɗan kaɗan ƙwarai, kuma da awo. Ga yawancin gidaje, gishirin leda wanda aka sa wa aidin ya wadatar, muddin an saye shi da lura, an kuma ajiye shi da kyau. Ƙwaya ta mai ciki ce da mai goyo, ita ma sai wadda aka rubuta awonta, aka kuma ba da ita a asibiti. Aidin na miki kuwa ba a shansa ko kusa.

AIKIN AIDIN A JIKI

Uwargida, ɗora yatsa a gaban wuyanki, ƙasa kaɗan da maƙogwaro. A nan akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu, kamar malam-buɗe-littafi, likitoci suna kiranta tayirod. Ga mai lafiya ba a ganinta, da ƙyar ma a ke jinta. Aikinta shi ne ta tsamo aidin daga cikin jini, ta haɗa wani sinadari da shi, ta mayar cikin jini. Wannan sinadari shi ke daidaita ɗumin jiki, da bugun zuciya, da kuzari, da girman yaro, da ginuwar ƙwaƙwalwa.

In aidin ya yi ƙaranci, sai 'yar tsokar nan ta yi ta girma don ta ƙara kama ɗan abin da ya samu, kamar yadda masunci kan faɗaɗa komarsa in kifi ya yi wuya. Girman nan shi ne maƙoƙo. Ya fi kama mata, tun ba 'yan mata masu tasawa da masu ciki ba, gama a lokutan nan ne bukatar jiki ke ƙaruwa. Ba aikin maye ba ne, ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani, saboda haka babu dalilin ƙin cin abinci da mai shi.

To, maƙoƙo shi ne ɓarnar da ido ke gani. Wadda ta fi ta muni a ɓoye ta ke. Jaririn da ke ciki, cikin wata uku na farko, tasa tsokar ba ta fara aiki ba, da sinadarin uwarsa ya ke rayuwa, alhali kuwa a lokacin ne a ke aza harsashin ƙwaƙwalwarsa. In uwa ta rasa aidin ƙwarai, a kan yi ɓari, ko a haifi ɗa ba rai, ko ya zo kurma bebe, ko ya tsumbure hankalinsa bai cika ba. In rashin bai yi tsanani ba, yaro ya kan fito lafiya lau ga ido, sai an sa shi makaranta a ga karatu yana yi masa nauyi, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne, alhali ba laifinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rashin aidin a gaba cikin abubuwan da ke naƙasa ƙwaƙwalwar yara waɗanda a ke iya karewa. Ɓarnar da ta auku tun a ciki kuwa ba ta gyaruwa daga baya, ko an ɗura wa yaro kwalba goma.

ME YA SA ABIN YA SHAFE MU?

Taskar aidin a duniya teku ce. Ƙasar da ke nesa da teku, wadda ruwan sama ya daɗe yana wanke ta, ba ta cika riƙe shi da yawa ba, abin da babu a ƙasa kuwa ba zai shiga dawa da wake ba. Daga Dutsin-Ma zuwa bakin teku ya fi mil 400. Kifin madatsar Zobe abinci ne mai kyau, yana gina jiki, amma kifin ruwan daɗi ne, aidin da ke cikinsa bai kai na kifin teku ba, watau irin na ƙanƙara da na gwangwani. Nono da ƙwai suna da rabonsu, sai dai gwargwadon abin da saniya da kaza suka ci ne.

Har wa yau akwai abincin da ke rage wa tsokar wuya ƙarfin aiki da aidin. A Darfur ta ƙasar Sudan, inda gero ne abincin yau da kullum kamar nan, masu bincike sun gano a shekarun 1980 cewa akwai wani abu cikin gero da ke yin haka. Rogo mai ɗaci ma haka ne, in ba a jiƙa shi an sarrafa shi sosai ba. Kada fa wata ta ji wannan ta ce ta bar fura da kunu. Illar ba ta cika tasiri ba sai inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Abin nufi shi ne, mu masu cin gero mun fi kowa bukatar mu tabbata aidin bai yanke mana ba.

Kakanninmu gishirin Bilma suka sani, kantu da beza, wanda ayarin Azbinawa ke kawowa ta Agadas, da mangul na ƙasar Manga, da kanwa. Duk suna da amfaninsu, har gobe ana ganinsu a kasuwanni. Amma babu wanda aka ƙara wa aidin a cikinsu, saboda haka ba su maye gurbin gishirin leda ta wannan fuska.

YADDA AIDIN YA SHIGA GISHIRI

A 1811 ne wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin cikin tokar ciyawar teku. Amma 'yan matan makaranta ne aka tabbatar da amfaninsa a kansu. A 1917 wani likita, David Marine, ya fara gwaji a makarantun garin Akron na ƙasar Amurka, inda maƙoƙo ya yi yawa a zamanin. Cikin 'yan mata 2,190 da aka ba aidin, 5 kaɗai wuyansu ya kumbura. Cikin 2,305 da ba su sha ba, 495 suka kumbura. Ku dubi wannan tazara!

Daga nan sai aka yi tunanin hanyar da za a kai shi ko wane gida ba tare da an bi mutane da ƙwaya ba. Aka ga babu kamar gishiri, domin mai kuɗi da talaka duk suna ci, kullum, kuma ba mai iya cin da yawa ƙwarai. Ƙasar Suwizalan ta fara a 1922, Amurka ta bi a 1924. A nan Nijeriya, binciken da aka yi a 1993 ya nuna kimanin mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka duba yana da kumburin wuya, kuma tun daga lokacin doka ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci. A zamanin da Dora Akunyili ke shugabancin NAFDAC, watau 2001 zuwa 2008, aka matsa wa masu yin gishiri da masu shigo da shi lamba, har Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta cika sharaɗin wannan aiki. Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan maƙoƙon nan sun fi yawa ga tsofaffi yanzu, ba a cika ganinsu ga yara ba. Amma aiki ne wanda in aka saki jiki sai ya koma baya, kuma ƙarshen tsaronsa a madafin uwargida ya ke.

NAWA JIKI KE BUKATA?

Nan ne wurin da na ke so 'yan makaranta su ɗauko alƙalami. Ana auna aidin da wani ɗan awo mai suna maikirogiram. In an raba giram ɗaya kashi miliyan, kashi ɗaya shi ne maikirogiram. Ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a ko wace rana:

Yaro daga haihuwa zuwa shekara 5, maikirogiram 90.
Yaro daga shekara 6 zuwa 12, maikirogiram 120.
Wanda ya wuce shekara 12, da babba, maikirogiram 150.
Mai ciki da mai shayarwa, maikirogiram 250.

Wannan lissafi na duk abin da ya shiga ciki ne, da na gishiri, da na abinci, da na ƙwaya in ana sha. In aka tara abin da mutum zai bukata cikin shekara 70, bai kai giram 4 ba, watau bai cika cokalin shayi ba. Sai dai jiki ba ya son a ba shi gaba ɗaya, kaɗan kaɗan ya ke so, kullum.

Yanzu mu auna gishiri. Ƙa'idar Nijeriya ita ce ko wane kilo na gishiri ya kasance da aidin miligiram 50 a masana'anta, kada ya gaza 30 a kanti, kada kuma ya gaza 15 sa'ad da ya kai gida. An sa da yawa tun farko ne don an san yana raguwa a hanya. Likitoci kuma sun ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau shafaffen cokalin shayi, saboda hawan jini. To, giram 5 na gishiri mai miligiram 30 a kilo yana ba da maikirogiram 150 cif, daidai bukatar babba. In ya zube ya koma 15, sai ya ba da 75, rabi ke nan. Kun ga dalilin da ya sa ajiya ta zama babban abu.

Kada wata ta ce bari ta ƙara gishiri a miya don iyalinta su ƙara samun aidin. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Gidan da ke da mutum 10, ledar gishiri mai rabin kilo ya kamata ta kai kwana 10, ta ma wuce, tun da yara ba su kai manya ci ba, ga kuma gishirin da ke cikin dunƙulen miya. In tana ƙarewa kafin haka, hannu ya yi nauyi. Gishiri mai kyau a ke nema, kaɗan.

IRE-IREN AIDIN

Suna ɗaya ne, amma kaya daban daban. Ga su bi da bi.

Na farko, na cikin gishiri. Sunansa fotashiyam ayodet. An zaɓe shi ne domin ya fi jure zafi da laima irin na ƙasashenmu. Ba ya sāke ɗanɗanon miya ko launinta. Shi ne na kowa da kowa.

Na biyu, na cikin ƙwaya. Yawanci fotashiyam ayodaid ne, wani lokaci ayodet. Shi ne irin da ya dace in har za a sha ƙwaya, domin an san awon da ke cikin ko wace ɗaya. Abin dubawa a jikin kwalba uku ne: sunan irin aidin, da adadinsa, da lambar NAFDAC. Sa'an nan a duba ranar lalacewa. A lura ƙwarai da haruffan da ke bayan adadi. In an rubuta mcg ko µg, maikirogiram ke nan. In an rubuta mg, miligiram ne, kuma miligiram ɗaya maikirogiram 1,000 ne. Akwai ƙwayoyin da a ke sayarwa masu miligiram 12.5. Mai gani sai ta ce ai 12 bai kai 150 ba, alhali kuwa maikirogiram 12,500 ne, ya ninka bukatar babba fiye da sau 80. Harafi ɗaya ne tsakanin magani da cuta a nan.

Na uku, ƙwaya ko gari na ciyawar teku. Masu talla suna son su ce wannan daga tsiro ya ke, ba haɗin masana'anta ba ne, saboda haka ba ya cutarwa. Gaskiyar magana ita ce aidin da ke cikin ciyawar teku ba shi da tsayayyen awo. Wata tana da kaɗan, wata tana da mai yawan gaske, har abin da aka rubuta a kwalba ya kan saɓa da abin da ke ciki. Sayensa cinikin biri a sama ne. Mai ciki ta nisance shi.

Na huɗu, ƙwanson mai wanda aka narka aidin a ciki, mai ƙarfi, wanda a kan ba mutum sau ɗaya ya kai shi shekara. An yi shi ne don wuraren da gishiri mai aidin ba ya isa. Ma'aikatan lafiya ne kaɗai ke ba da shi, ba abin saye a kasuwa ba ne.

Na biyar, aidin na miki, ruwan nan ja-ja mai zafi da kowa ya sani. Na fata ne kurum. Ɗigo kaɗan nasa ya ninka bukatar yini sau da yawa, shansa yana ƙona baki da ciki, yana iya kisa in ya yi yawa. A ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa. Kada kuma a shafa shi a cibiyar jariri, gama fatar jariri tana tsotse shi har ya danne 'yar tsokar wuyansa. Akwai man da a ke bayarwa a asibiti musamman don cibiya, shi za a nema wurin ungozoma.

MAI CIKI DA MAI GOYO

Su ne bukatarsu ta haura zuwa 250, su ne kuma gishiri kaɗai kan iya gaza musu, tun ba wadda laulayi ya hana cin abinci ba, ko wadda aka ce ta rage gishiri saboda jininta ya hau. Ƙwayar da a kan ba su yawanci tana da maikirogiram 150, sauran kuwa ya fito daga gishiri da abinci.

Ga abin da mata da yawa ba su sani ba. Jar ƙwayar ƙarin jini da 'yar ƙaramar da a ke haɗawa da ita a wurin awo, babu aidin a cikinsu. Amma akwai wata ƙwaya ta masu ciki mai haɗin abubuwa 15, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021, an kuma fara ba da ita a waɗansu wuraren awo na ƙasar nan. Ita tana da aidin maikirogiram 150. Saboda haka in kin je awo, ko a ɗakin shan magani na kusa da ke, ko a babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, ki tambayi malamar asibiti, "Malama, wannan da kika ba ni akwai aidin a ciki?" In kina da wata kwalba a gida, ki tafi da ita ki nuna. Kada ki haɗa biyu da kanki, don kada awo ya ninku. Masana sun ce mai ciki ba ta da bukatar wuce maikirogiram 500 a yini, wuce haka yana iya danne tsokar wuyan ɗan da ke ciki.

Lokaci ma abin lura ne. Al'adar ɓoye ciki har sai ya fito tana sa mace ta fara awo a wata shida ko bakwai, bayan watannin da ƙwaƙwalwar ɗa ta fi bukatar taimako sun wuce. Kunya ado ce, amma malamar asibiti ba surukarki ba ce. Da kin ga wata ya wuce, ki je. Amarya kuma, tun kafin rabo ya zo, ta tabbata gishirin da ke ɗakinta mai aidin ne.

Bayan haihuwa, jariri daga nono ya ke samun nasa. Uwa ce za ta ci, shi ya sha. Ba a ba jariri ƙwayar aidin, ba a kuma sa masa gishiri a kunu kafin ya shekara.

ILLAR YAWA

Abin mamaki, yawan aidin yana kawo irin cutar da rashinsa ke kawowa. A bakin tekun Hokkaido na ƙasar Japan, likitoci sun ba da labari a shekarun 1960 cewa mutanen da ke cin ciyawar teku da yawa kullum suna yin maƙoƙo. A Zimbabuwe kuma, cikin shekarun 1990, bayan an fara sa aidin a gishiri, waɗansu buhuna suka zo da shi fiye da kima, sai aka ga masu ciwon haukacewar tsokar wuya sun ƙaru, yawancinsu manya masu tsohon maƙoƙo. A Amurka an sa iyakar babba a maikirogiram 1,100 a yini, a Turai 600. Duk wanda aka bi, ƙwayar miligiram 12.5 ta yi musu fintinkau.

Wannan shi ne amsar mai tambaya game da surukarta. Tsohon maƙoƙo wanda ya yi ƙulle-ƙulle ba ya narkewa da aidin. In aka ɗura masa da yawa, sai ya iya zabura ya yi ta zuba sinadari ba tsayawa. Alamun haka su ne faɗuwar gaba, da rawar hannu, da yawan gumi, da rama alhali ana cin abinci, da rashin barci. Ga tsohuwa wannan yana iya taɓa zuciya. Bayan haka kuma, ba ko wane kumburin wuya ne na rashin aidin ba. Akwai wanda tsokar ce ta kamu da wata cuta dabam, akwai ma wanda ƙari ne. Hanyar ganewa ita ce likita ya duba, a gwada jini, in ta kama a ɗauki hoton wuya, ko da za a tura ku Katsina. Kumburin da ke girma da sauri, ko ya yi tauri, ko ya shaƙe murya, ko ya hana haɗiya da numfashi, ba a kwana da shi. Kada a tsaga, kada a sa ƙaho, kada a yi lalas, gama manyan jijiyoyin jini suna nan kewaye da wurin. Wadda kuma likita ya riga ya ɗora a kan maganin tsokar wuya, kada ta ƙara ko wace ƙwaya mai aidin sai da saninsa.

SAYE DA AJIYA

Tun da gishiri ne jigon al'amarin, ga yadda za a bi da shi.

A sayi na leda, rufaffe, wanda aka rubuta an sa masa aidin, mai lambar NAFDAC. Wanda aka juye a faranti ko a buɗaɗɗen buhu, yana shan rana da ƙura ana aunawa da gwangwani, ba ki san asalinsa ba, ba ki san kwanansa ba. Wani ma tun farko na jima ne ko na dabbobi. Ya fi araha, gaskiya ne, amma araha ba ta ado. In mai gida ne ke cefane ko yaro a ke aike, a gaya musu irin wanda a ke so, a nuna musu ledar.

A sayi daidai wanda zai ƙare cikin 'yan makonni. In an buɗe, a juye cikin kwalba ko roba mai murfi, busasshiya, a rufe ko wane lokaci. A ajiye nesa da murhu, nesa da rana, nesa da randa. Kada a ɗiba da jiƙaƙƙen cokali, tun ba da damina ba. Kada a wanke gishiri, kada a shanya shi, kada a soya shi don ya bushe. In hali ya yi, a sa shi a miya dab da saukewa, maimakon ya yi ta tafasa tun daga sanwa.

Ma'aikatan lafiya suna da wani ruwan gwaji a 'yar kwalba. In an ɗiga a kan gishiri mai aidin sai ya rine ya yi shuɗi, in babu sai ya zauna fari. In sun zo unguwa ko makaranta da shi, a kawo gishirin gida a gwada, ba abin kunya ba ne.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ku ne idon gida wajen karatun abin da ke jikin leda da kwalba. Yau in kin koma, ki duba gishirin da Inna ke girki da shi, ki karanta mata abin da aka rubuta. In yayarki ko matar yayanki tana da ciki, ki duba ƙwayar da ta ke sha, ki ga ko mcg ne ko mg, ki gaya mata bambancinsu da ladabi. Ku kanku kuna cikin shekarun da wuya ya fi saurin kumbura, kuma ku ne iyayen gobe. Ba ku bukatar ƙwaya in gishirin gida mai kyau ne. In an sami kifin teku ko ƙwai ko nono, a ci. Ranar 21 ga Oktoba ta ko wace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe don tunawa da yaƙi da rashin aidin, sai ku roƙi malamanku su shirya a gwada gishirin gidajenku a aji.

Wadda ta yi tambaya tana da ciki wata uku, ki ɗauki kwalbarki ki kai wurin awo cikin makon nan, a karanta miki, kada ki sha kafin nan, kada kuma ki jinkirta zuwa. Sauran masu tambaya, ku ci gaba da aikowa, fili naku ne.